Bindigar Bakoji Ba Salansa Ba Ce

"Lafiya lau, sai godiyar Allah. Gajiya kuwa babu, in ban da ta ganin ka da na yi yanzu," in ji Kaka Ladi, ba ta ko ɗago kai daga faifan waken da take tsinta ba.

"Haka ake tarbar mai gida a garinku? Matar kirki in mijinta ya shigo, tashi take ta karɓi kayan hannunsa."

"Ya danganta da mijin. Wanda ya shigo yana warin baƙin mai, kaji ma gudunsa suke yi."

Suhaibu ya jawo kujera 'yar tsugunno ya zauna, ya dire wata leda a gabanta, ledar ta yi ƙarar ƙarafa. Jikanta ne, ɗan marigayi Abdulsalam, bakaniken babura a bakin tashar Birnin Gwari. Tun ranar da ungozoma ta miƙo mata shi Ladi ta ce ta yi sabon miji, kuma tun da ya iya magana ba a taɓa jin ɗayansu ya faɗa wa ɗan'uwansa kalma mai daɗi ba. Maƙwabta in suka ji gidan shiru, sai su leƙo su ga ko wani ne ba lafiya.

Yau kam Ladi ta san abin da ya kawo shi, don labarin ya riga shi shigowa. Masarar da mutanen ƙauyensu suka lallaɓa suka shuka can wajen Kakangi ta bushe. An yi shawara za a tafi gayya guda a karyo ta, samari su yi rakiya saboda ɓarayin daji, kuma Yusha'u shugaban mafarauta ya ce Suhaibu yana cikin masu rakiyar. To, Suhaibu ko danƙon harbin tsuntsu ba shi da shi, kuma bindiga ɗaya ce tak a zuriyarsu, ta marigayi Bakoji, mijin Ladi. Tana nan cikin ɗakinta, nannaɗe a tsohon zane. Tun asuba tsohuwa ta ƙudura a ranta cewa ba za ta fito da ita ba. Daji ya ci mata ɗa, ba ta ga dalilin da zai sa ta ɗauki jika ta miƙa masa da hannunta ba.

"Amarya, ga goro," in ji Suhaibu.

Ta karɓa ta jujjuya shi. "Goro ne wannan ko tsakuwa? 'Yan haƙoran da suka rage min kake so ka ƙarasa."

"Ai gara su zube. Me za ki yi da haƙori, ke da muke jiran gumbarki? Na ma gaya wa masu gero su ajiye mana mai kyau, kada ranar sadakarki a ba jikoki abin kunya."

"Za ka daɗe kana jira. Sai na ga furfurarka, in tsige ta da hannuna."

"Da wane idon za ki gan ta? Jiya aka ce kin yi wa turmi sallama."

"Turmin ya fi ka amfani, shi ya sa na gaishe shi."

Ta ɓantari goron duk da haka, ta sa ƙafa ta zungure ledar. Sai ga wani rodin ƙarfe ya leƙo, da samfefa a naɗe, da kwalbar fetur, da gwangwanin baƙin mai.

"Wannan kuma fa? Gini za ka yi min?"

"Kayan aiki ne. Bindigar tsohon mijinki na zo in yi wa wanka."

"Tsohon mijina ya bar bindiga. Kai sabon, me ka taɓa ajiye min in ban da wanki?"

"Gado nake nema, tsohuwa. Na gaji matar, saura ƙarfen."

Ladi ta gyara zama, ta jawo ƙaryar da ta kwana tana gyarawa. "Wace bindiga? Ai wannan ta mutu tun kafin mai ita. Tsatsa ta cinye ta. Zanzaro ma ya yi gini a cikin bututun, har ya yi jikoki."

"Madalla," in ji Suhaibu, ya zaro rodin yana gwada shi a iska. "Shi ya sa na zo a shirye. Yadda muke yi wa salansa in ta toshe, haka zan yi mata. In tsiyaya fetur a ciki, in ƙyasta ashana ta ƙone dattin. In ta huce in naɗa samfefa a kan rodi, in zura ta baki in yi ta ƙwaƙula har sai ta buɗe. Wajenta kuma in goge wannan baƙin sai ta yi walƙiya, in bi ta da baƙin mai. Kafin azahar kin ga sabuwar bindiga."

Ladi ta daina taunar goron. Ranar da suka gudo daga ƙauye, kowace mace ta ɗauko abin da take ji da shi, wata hatsi, wata tukwane, wata keken ɗinki. Ita ta bar kwanukan aurenta a jere, ta naɗo bindigar nan cikin tabarma ta ɗora a ka. Yau kuma ga wani ɗan nema zaune a tsakar gidanta yana lissafa mata fetur da ashana.

"Ka ce za ka yi mata me?"

"Ƙonawa. Ba kin ce zanzaro ba?"

"Bindigar Bakoji? Da wuta? Kai ko kunya ba ka ji ba, ka haɗa ta da bututun hayaƙin babur?"

"Ƙarfe ai ƙarfe ne."

"Kai ma mutum ne, jaki ma yana numfashi."

"To in ta mutu, me ya dame ki da abin da za a yi wa gawa?"

Nan fa aka zo wurin. Ladi tana iya jure yunwa, tana iya jure baƙar magana, amma a ce abin da take riƙo ya lalace a hannunta, ko da ita ce ta faɗa da bakinta, wannan ba ta iya jure shi. Ta manta da ƙudurin asuba. Ta dafa bango ta miƙe, ta shiga ɗaki tana mita, ta fito da dogon abu a nannaɗe. Ta warware zanen a kan tabarma. Bindigar ta fito baƙa wuluk, ƙotarta ta yi santsi saboda man kaɗe, babu ko ɗigon tsatsa. Ta karya ta a tsakiya kamar yadda Bakoji yake yi, ta tabbatar babu harsashi, ta ɗaga bututun saitin rana.

"Leƙa."

Suhaibu ya kanne ido ɗaya ya leƙa. Haske ya bi cikin bututun sumul har ƙarshe.

"Ikon Allah," ya ce. "Wannan zanzaron akwai tsabta. Ya share, ya yi daɓe, ya tashi bai bar ko tsintsiya ba."

Sai a lokacin Ladi ta gane ta faɗa ramin da ja'irin ya haƙa mata. Haushin kanta ya kama ta, ta jawo zanen za ta mayar.

"Ka gani, to ka ƙoshi. Tashi ka tafi. Mutumin da ya zo wa bindiga da samfefa, ko muciya ba zan ba shi aro ba."

"Me samfefa ta yi?"

"Ka tambayi Maiturare, abokin farautar kakanka. Kullum safiya yana zaune da rodi yana ƙwaƙular tasa, wai shi mai tsabta. Har ya cinye mata baki, ya buɗe kamar na kwalba. Ran nan ya auna gada a dajin Tabanni, ya kashe akuyar surukarsa a Damari."

"Kai, tsohuwa, ki ji tsoron Allah. Daga Tabanni har Damari?"

"Ni na ci naman. Har yanzu ina jin ɗanɗanonsa."

"Da waɗanne haƙoran?"

"Da waɗanda goronka bai kai ga karyawa ba. Bindigogin da na ga sun lalace a ƙauyenmu, masu goga ne suka kashe yawancinsu, ba masu harbi ba. Kai kuma ka zo ka ƙara da wuta."

Suhaibu ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Ya mayar da rodin cikin leda, ya ɗaure bakinta a hankali.

"Shi ke nan, ki riƙe kayarki. Akwai mai walda a bayan tasha, yana haɗa irin ta bututun famfo. Ya ce zai ba ni aron ɗaya."

"Irin wadda Japheth ɗan gidan Susan ya riƙe?"

"Irinta."

"Wadda ta fashe masa a hannu?"

"Ai ba duka ke fashewa ba."

Ladi ta san Japheth tun yana goye. Ta je dubiya lokacin da aka kawo shi, ta ga hannun a naɗe, ta ga uwarsa zaune bakin gado. Yanzu da hagu yake cin tuwo.

"Kada ka je, mana," ta ce, kuma wannan karon babu wasa a muryarta.

"Inna tana cikin masu karyar masarar, Kaka. Da ita da ƙannena mata. In zauna a tasha ina ɗaure noti, 'ya'yan wasu su tsare min uwa?"

Ya kira ta Kaka. Rabon da ta ji wannan sunan a bakinsa tun ranar da aka kawo labarin ubansa. Ta dube shi, ta ga zancen hana shi ya riga ya wuce, abin da ya rage kawai shi ne abin da zai riƙe a hannu in ya tafi. Tsoro ya kama ta sosai. Shi ma ya ga haka, sai ya yi maza ya gyara murya.

"Kuma in na tsaya, wa zai kawo masarar da za a yi miki kunu? Ke da ba ki iya tauna komai?"

"Rufe min baki. Shiga ɗaki, bayan ƙofa akwai sanda siririya. Ka ɗauko ta da gwangwanin da ke ƙarƙashin gado. Ka wanke hannun nan tukuna, kada ka shafa min tashar mota a kayana."

Ya fito da sandar gora, doguwa, ta yi sulɓi saboda daɗewa, an tsaga kanta kaɗan. A cikin gwangwanin akwai 'yan tsummokaran farin yadi da aka yayyaga, da 'yar kwalbar man keken ɗinki.

"Wannan ce makamin naki? Tsumagiyar dukan jaki?"

"Ita ce, kuma ga jakin ya ɗauko ta da kansa. Kakanka ya yanko ta a bakin rafi shekarar da aka haifi ubanka. Gora ba ta cin ƙarfe. Goge jikinta da tsumma kafin ka sa."

"Sandar ma sai an yi mata wanka?"

"In yashi ya manne mata, da ita da samfefarka duk ɗaya ne. Sa tsumma a tsagar. Ɗiga mai. Na ce ɗiga, ban ce ka yi miya ba."

"Rowa dai. Har a kan man keke."

"Mai in ya yi yawa ƙasa yake kira, ƙasa kuma ta zauna ta yi ta ci. A'a, ina za ka? Ba ta baki ba."

"To ta ina? Ba nan ne ƙofar ba?"

"Ƙofar fita ce. Ta inda ake sa harsashi za ka zura, ka bi hanyar da shi yake bi, ka fito ta baki. Bakin nan shi ke nuna wa harsashi inda zai je. In ka goge shi ya karkace, ka zama Maiturare."

"Ni ba ni da suruka mai akuya."

"Wa zai ba ka 'ya? Ni ma haƙuri nake."

Suhaibu ya tura sandar. Da ƙarfi ya tura, irin na mai kwance tayar da ta ƙi fita, ya jawo ta baya, ya sake turawa, yana sassarfa kamar ana jiransa a waje. Tsumman ya cukuikuye a tsakiya, sandar ta tsaya cik. Ya ja, ta ƙi. Ladi ta buɗe baki za ta yanka masa baƙar magana, sai idonta ya sauka a kan hannunsa. Hannun yana rawa. Wannan hannun da ke kwance injin babur ana hira, yau ya kasa riƙe sillen gora. Ashe duk surutun nan da ya shigo da shi, da rodi da fetur da zancen gumba, tsoro ne yake rufewa da su. Tausayinsa ya cika mata ciki, ta haɗiye maganar da ta ɗauko ta nemo wata.

"Wa ya koya maka tuƙin tuwo? Bututun bindiga ne, ba tukunya ba."

"Ita ce ta riƙe."

"Kai ne ka tsorata ta. Kawo."

Ta ɗora hannunta a kan nasa, ba ta karɓe sandar ba. Suka murɗa ta kaɗan tare, suka tura a hankali, tsumman ya fito ta baki da ɗan dusasshen launi. Ta cire shi ta jefar, ta jawo sandar tsirara, ta sa sabo.

"Ba a komawa da mai datti. Abin da ka fitar ya fita ke nan. Sake."

Ya sake. Wannan karon sandar ta wuce sumul. Ya kuma sakewa da busasshen tsumma, ya fito fari tas. Ladi ta ga hannun ya daina rawa.

"Shi ke nan?" in ji Suhaibu.

"Shi ke nan. Da tsumma ya fito fari, ka tsaya."

"Ko gumi ban yi ba."

"Dama kai da gumi ai ba ku saba ba. Wajenta kuma ka shafa da tsumman mai ka bar mata baƙinta. Shi ke kare ta daga tsatsa. In ka goge ta tana walƙiya, na cikin daji zai hango ka tun kana kan hanya, ya ce ga wani ango ya taho da madubi."

"To kullum za a yi mata haka?"

"Kullum? Ba ka ji labarin Maiturare ba? In an harba ta, ko ruwa ya taɓa ta, ko damina ta wuce. In ba haka ba ka ƙyale ta ta huta."

Ta haɗe bindigar, ta shafa ƙotar da tafin hannu, ta daɗe tana shafawa. Sannan ta naɗe ta a zanen, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Ungo. Ka kai wa Yusha'u ya gani, ya san ta, hukuma ma ta san da ita. Allah Ya sa yadda ka ɗauke ta haka za ka dawo da ita, ba ka harba ko ɗaya ba."

"Amin." Ya karɓa, ya miƙa ɗaya hannun zai ɗauki sandar da gwangwanin. Ladi ta riga shi, ta jawo su ta tura ƙarƙashin cinyarta.

"Wannan kuma fa?"

"Ban ba ka waɗannan ba."

"Wace irin kyauta ce wannan? A ba mutum babur a riƙe makulli?"

"Sandar tana wurina. Duk yamma in kun dawo daga gona, kafin ka je ko'ina, ka kawo min bindigar nan. Kai da kanka, da ƙafarka. Ban yarda da aike ba."

Suhaibu ya karkata kai yana kallon ta. "Tsohuwa, ba yanzu kika gama ce min yawan goga ke cinye ta ba? Kuma ki ce duk yamma?"

"Na ce gogewa zan yi? Dubawa zan yi."

"Bindigar za ki duba?"

"To me kuma zan duba? Wannan fuskar taka mai kama da gindin tukunya?"

Ya kawar da kai gefe. Ita ma ta mayar da kai kan faifan wakenta, tana ta tsintar tsakuwar da babu ita. Can sai Suhaibu ya tuntsire da dariya, har ya dafa ƙasa.

"Na sallama, amarya, kin ci. Zan zo duk yamma a duba bindiga. Rodin ma na bar miki, ki riƙa dogarawa."

"Kwashe tsiyarka. Ka kai wa salansa."

Ya saɓa bindigar a kafaɗa, ya ɗauki ledarsa, ya nufi zaure. Har ya kai bakin ƙofa ta kira shi.

"Mai gida."

"Na'am."

"Gumbar nan da kake ta yi min gori. Na yarda, ka sa a ajiye geron mai kyau. Amma kai ne za ka ci tawa, ka ji ko? Haka aka tsara tun farko. Kada ka kuskura ka juya min shi."

Suhaibu ya tsaya, bai juyo ba. "Ai ko mutum ɗaya ba zan ɗanɗana wa ba," ya ce. "Ni kaɗai zan cinye."

Ya fita. Ladi ta saurari takunsa har ya ɓace a lungu. Sannan ta zaro sandar gorar daga ƙarƙashin cinyarta, ta goge ta da bakin zane. Ba ta mayar da ita bayan ƙofar ɗaki ba. Ta kai ta zaure ta jingine, ta jawo kujerarta ta ajiye kusa da ita, inda ake hango mai shigowa tun daga bakin titi.